Wasannin jami'o'in Amurka: an fara biyan 'yan wasa, me ya sa 'yan ninƙaya ke rasa gurabensu?

A ranar 6 ga watan Yunin 2025, Mai shari'a Claudia Wilken ta kotun tarayya da ke Oakland a jihar Kalifoniya ta amince da wani sulhu da ya kawo ƙarshen al'adar da ta haura shekara ɗari a wasannin jami'o'in Amurka. Daga ranar 1 ga Yulin wannan shekarar, jami'a tana da damar ɗebo kuɗi daga asusunta ta biya ɗalibin da ke yi mata wasa, kuma za a raba diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma ga waɗanda suka yi wasa tun daga 2016 ba tare da an ba su kasonsu ba. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka cewa kowane ɗan wasa kakarsa ta yanke saƙa. Sai dai a watannin da ake tattauna sulhun, abin da ke fitowa daga tafkunan ninƙaya na jami'o'i labari ne mara daɗi, domin ana kiran ɗalibai ofishin koci ana shaida musu cewa babu gurbinsu a shekara mai zuwa, wata jami'ar ma ta rufe ƙungiyarta ɗungurungum. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne, mutumin da shari'ar ke ɗauke da sunansa, Grant House, shi kansa ɗan ninƙaya ne da ya wakilci Jami'ar Jihar Arizona. To yaya aka yi ƙarar da ɗan ninƙaya ya jagoranta ta koma tana cizon 'yan ninƙaya?

Jami'ar da ta fi kulob yawan magoya baya

Mai karatun da ya saba da Kano Pillars ko Arsenal ya san cewa kulob ne ke rainon ɗan wasa tun yana yaro, makaranta kuwa harkarta daban. A Amurka lamarin ya bi wata hanya, domin yaro yakan taso ne ta ƙungiyar makarantar sakandare, daga nan ya wuce ta jami'a, sannan idan yana da rabo manyan kulob-kulob su ɗauke shi. Abin ya samo asali tun 1852, lokacin da Harvard da Yale suka yi tseren kwale-kwale, kuma wani kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyin tseren don ya tallata hanyarsa, abin da ke nuna cewa kuɗi ya shigo harkar tun ranar farko. A 1869 Rutgers da Princeton suka buga wasan da ake lissafa shi a matsayin na farko a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka tsakanin jami'o'i, wasan da daga baya ya zama na ɗaukar ƙwallo a hannu ana ture juna. Da mace-mace suka yi yawa a filin wannan wasa, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki a 1905, kuma a 1906 aka kafa hukumar kula da wasannin jami'o'i da a yau ake kira NCAA, wadda ke da jami'o'i da kwalejoji kusan 1,100 da 'yan wasa sama da rabin miliyan.

Girman soyayyar da ake yi wa waɗannan ƙungiyoyi sai an auna shi da wani abin da aka sani. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, alhali babban filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja kimanin 60,000 yake ɗauka. A jihar Nebraska, tun 1962 ake sayar da tikiti kaf a kowane wasan gida, in ban da shekarar korona da aka hana 'yan kallo shiga, kuma a ranar wasa jama'ar da ke cikin filin sun fi mazauna kowane gari a jihar yawa, ban da Omaha da Lincoln. Dalilin bai da wuyar ganewa. Jihohi irin su Nebraska da Alabama ba su da babban kulob na ƙwararru a wannan wasa, don haka jami'ar jiha ita ce tutar jama'a, har ga wanda bai taɓa shiga ajinta ba. Goyon bayan gado ne da ɗa ke karɓa daga uba, tsofaffin ɗalibai kuma suna komawa kowace shekara da iyalansu, su kafa rumfuna a wurin ajiye motoci tun da safe suna gashin nama kafin a take wasa, masu hali daga cikinsu kuwa su zuba wa sashen wasanni gudummawar miliyoyin daloli.

Wannan ƙauna tana da mugun gefe. A 2010 wani magoyin bayan Jami'ar Alabama ya zuba guba a gindin tsofaffin itatuwan da magoya bayan abokiyar hamayyarta, Jami'ar Auburn, ke taruwa a ƙarƙashinsu in sun yi nasara, itatuwan suka mutu, shi kuma ya yi zaman gidan yari. Tun da Kotun Ƙoli ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018, ɗalibai 'yan shekara goma sha tara sun riƙa samun saƙonnin zagi da barazana a wayoyinsu daga mutanen da suka yi asarar kuɗi, har shugaban NCAA Charlie Baker ya nemi jihohi su haramta cacar da ake ɗorawa a kan bajintar ɗalibi guda.

Abin lura a nan shi ne, kusan duk wannan cincirindo da kuɗin talabijin da ke biye da shi wasanni biyu ne ke jawo su, ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando ta maza. A 2016 gidajen talabijin na CBS da Turner sun amince su biya dala biliyan 8.8 don ci gaba da nuna gasar ƙwallon kwando ta watan Maris na ƙarin shekara takwas, zuwa 2032. Gasar ninƙaya tsakanin jami'o'i biyu kuwa, yawanci iyaye ne da abokai da tsofaffin 'yan ƙungiya ke zama a kan bencinta.

Daga ina kalmar "ɗalibi ɗan wasa" ta fito?

Wanda ya ji laƙabin zai zaci yabo ne ga yaron da ya haɗa karatu da wasa. Asalinsa kuwa dabara ce ta shari'a. A shekarun 1950, ƙarƙashin Walter Byers, babban daraktan NCAA na farko, hukumar ta umarci jami'o'i su riƙa amfani da wannan suna don kada kotu ta ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikata da suka cancanci diyya idan sun ji rauni. An gwada dabarar a Colorado, inda wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya rasu a 1955 sakamakon raunin da ya ji a ka yana buga wa kwalejinsa wasa. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta hana ta. Byers da kansa, bayan ya yi ritaya, ya fito fili ya soki tsarin da ya gina.

Ƙa'idar ita ce ɗan wasa zai iya karɓar tallafin karatu, wato kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai, amma idan ya karɓi kuɗin talla ko albashi ya rasa damar wakiltar jami'a. An ɗora wannan ƙa'ida a kan kowa, daga wanda mutum dubu ɗari ke zuwa kallonsa har zuwa wanda ke iyo a gaban mutum ɗari.

Yinin ɗan ninƙaya

Idan akwai wanda laƙabin ya dace da shi a ma'anarsa ta zahiri, ɗan ninƙaya ne. A manyan jami'o'i yakan tashi wajen ƙarfe biyar na asuba, ya ratsa sanyin hunturu zuwa tafki, ya yi kusan awa biyu a ruwa kafin sauran ɗalibai su farka, daga nan ya wuce aji da jiƙaƙƙen gashi da warin sinadarin kulorin a jikinsa. Da la'asar ya sake komawa ruwa, wasu ranakun kuma a haɗa masa da ɗaga ƙarfe. A mako yakan shiga ruwa sau tara ko goma, kuma a lokacin tsananin horo masu dogon zango kan yi iyon kilomita hamsin ko fiye, suna kai da komowa a tafki mai tsawon yadi 25, idonsu a kan baƙin layin da ke ƙasan ruwa. Hutun Kirsimeti, wanda sauran ɗalibai ke tafiya gida, shi ne lokacin da horon ya fi tsanani.

Dokar NCAA ta ce kada atisayen da koci ke jagoranta ya wuce awa 20 a mako, kuma a ba da hutun yini guda. Amma lissafin bai haɗa da tafiye-tafiye da zuwa wurin mai gyaran gaɓoɓi da atisayen da ake kira na ganin dama ba, wanda kowa ya san abin da zai biyo baya idan bai je ba. Binciken da hukumar kanta ta yi ya nuna cewa 'yan wasan rukuni na ɗaya, wato na manyan jami'o'i, suna ba wasa sama da awa 30 a mako. Duk da haka dole ɗalibi ya ɗauki cikakkun darussa kuma ya riƙe makin da aka gindaya, in ba haka ba a dakatar da shi, kuma 'yan ninƙaya suna cikin waɗanda suka fi kammala digiri a tsakanin 'yan wasan jami'a.

Duk wannan wahala ana tara ta ne saboda 'yan kwanaki a watannin Fabrairu da Maris. Makonni kaɗan kafin babbar gasa koci yakan rage nauyin horo don jiki ya huta ya tattara ƙarfi, 'yan wasa su aske gashin jikinsu, su matsa cikin rigar gasa mai ɗaukar mintuna kafin ta shiga, sannan aikin wata bakwai ya rataya a kan tseren da wani lokaci bai kai daƙiƙa ashirin ba, inda kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ke raba mai kuka da mai murna. Ciwon kafaɗa abokin zama ne a wannan wasa, gajiyar zuciya ma haka. Simone Manuel ta Stanford, mace baƙar fata ta farko daga Amurka da ta ci zinare a tseren ninƙaya na mutum ɗaya a gasar Olamfik, a Rio a 2016, ta bayyana a 2021 cewa likitoci sun gano horo ya yi wa jikinta yawa har ya daina farfaɗowa, aka tilasta mata barin ruwa na makonni.

Me ɗalibi ke samu? A tsohon tsari, ƙungiyar maza ba ta da izinin raba fiye da tallafin karatu 9.9, ta mata kuma 14, ga ƙungiyar da kan kai mutum talatin ko fiye. Saboda haka koci yakan gutsuttsura tallafin, wani ya samu rabi, wani kwata, wani kuɗin littattafai kawai, wasu kuma ba su samun komai, iyayensu ke biyan kuɗin makaranta, wanda a jami'a irin Stanford ya haura dala 80,000 a shekara idan aka haɗa da ɗaki da abinci. Waɗannan na ƙarshe suna tashi da asuba ne don son wasan da zumuncin ƙungiya kawai. Su kuwa fitattu, tsohuwar ƙa'ida ta sa su zaɓi mai ɗaci. Missy Franklin ta dawo daga Landan a 2012 da zinare huɗu, ta ƙi karɓar kwangilolin talla don ta samu ta yi wa Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley iyo. Michael Phelps, wanda ya sa hannu a kwangilar kamfanin kayan ninƙaya na Speedo yana ɗan shekara 16, ya yi shekaru yana horo a tafkin Jami'ar Michigan amma bai taɓa samun damar wakiltarta ba.

Yadda kotuna suka rushe katangar

Rushewar ta zo a hankali. A 2009 Ed O'Bannon, tsohon ɗan ƙwallon kwandon jami'ar UCLA, ya shigar da ƙara bayan ya ga siffarsa a wasan bidiyo da ake sayarwa ba tare da an biya shi ko sisi ba, kuma Mai shari'a Wilken ce ta yanke hukunci a kan NCAA a 2014. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka sake kayar da hukumar a shari'ar Alston, inda Mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa irin wannan tsarin kasuwanci zai zama haramtacce a kusan kowace sana'a a Amurka. Kwana goma bayan haka NCAA ta ba ɗalibai damar cin moriyar sunansu da hotonsu ta hanyar talla. Ƙarar Grant House, wadda ya shigar a 2020 tare da 'yar ƙwallon kwando Sedona Prince, ita ce ta nemi diyyar shekarun baya da kaso daga kuɗin talabijin. Maimakon ta je gaban shari'a ta yi asarar da ka iya durƙusar da ita, NCAA da manyan rukunonin jami'o'i biyar suka zaɓi sulhu.

Inda sulhun ya taka 'yan ninƙaya

Sulhun ya ba kowace jami'ar da ta shiga tsarin damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Bai faɗi yadda za a raba ba, amma manyan jami'o'i da dama sun nuna za su bi salon rabon diyyar, wato kusan kashi 75 cikin 100 ga ƙwallon Amurka, 15 ga ƙwallon kwando ta maza, 5 ga ta mata, ragowar 5 kuma ga duk sauran wasanni a haɗe. Kuɗin nan sai an nemo shi daga wani wuri, kuma wasan da ba ya sayar da tikiti, ga tafki mai cin wuta da ruwa da magani duk shekara, shi ne ido ke fara sauka a kansa.

Abu na biyu shi ne an soke iyakar tallafin karatu an maye gurbinta da iyakar yawan 'yan ƙungiya, wadda a ninƙaya aka tsayar a kan 30 ga maza, 30 ga mata. A takarda wannan ci gaba ne, domin jami'a mai ƙarfi tana iya ba duka talatin ɗin cikakken tallafi, kuma wasu sun ƙara abin da suke bayarwa. A aikace kuwa waɗanda aka fara sallama su ne masu biyan kuɗin makarantarsu da kansu, waɗanda jami'a ba ta kashe musu kusan komai. Koke ya yi yawa har Mai shari'a Wilken ta ƙi sa hannu a watan Afrilun 2025 sai an gyara, aka amince cewa jami'a za ta iya riƙe waɗanda dokar ta shafa ba tare da an lissafa su cikin adadin ba. Sai dai dama aka ba jami'a, ba a wajabta mata ba, kuma yaran da ke sakandare yanzu za su tarar da ƙofar ta ƙuntata.

Ƙananan jami'o'i sun sha dukan ta wata fuskar, domin wani ɓangare na diyyar ana cire shi ne daga rabon da NCAA ke aika musu. A watan Maris na 2025 jami'ar Cal Poly da ke Kalifoniya ta rufe ƙungiyoyinta na ninƙaya, tana mai cewa sulhun zai rage mata aƙalla dala 450,000 a shekara. Ba yau aka fara ba. A 2020 Jami'ar Jihar Michigan ta sanar da rufe nata, haka ma Jami'ar Iowa, inda koci David Armbruster da ɗalibinsa Jack Sieg suka taimaka wajen ƙirƙiro salon iyon malam-buɗe-littafi a shekarun 1930. Matan Iowa sun kai ƙara suka dawo da ƙungiyarsu, saboda dokar tarayya ta 1972 da ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati. Mazan ba su da wannan garkuwa, kuma tun da ƙwallon Amurka kaɗai ke cinye gurabe 105 daga kason maza, jami'ar da ke son daidaita lissafi takan yanke ƙananan wasannin maza.

Wa ke da gaskiya?

Masu goyon bayan sulhun suna cewa shekara da shekaru yaran da ke karya ƙashi a filin ƙwallo, da yawansu baƙaƙe daga gidajen talakawa, su ne gumin goshinsu ke ɗaukar nauyin wasannin da 'ya'yan masu hali suka fi yawa a ciki, irin su ninƙaya da tanis da golf. Wannan hujja tana da nauyi, kuma ban ga yadda mai adalci zai kauce mata ba, musamman da yake ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'a ne ke zama ƙwararru, shekarun jami'a su ne kasuwar yawancinsu ta farko kuma ta ƙarshe. Shugabannin sassan wasanni kuma suna cewa aljihu ɗaya ne, ba za a ciro miliyan ashirin ba tare da an taɓa wani ba. Wasu 'yan wasa mata sun ɗaukaka ƙara a kan rabon diyyar, suna cewa ya saɓa wa dokar 1972, yayin da wata shari'ar ta daban ke neman a ayyana 'yan wasa a matsayin ma'aikata.

A ganina kuskure ne a ɗora laifin a kan Grant House ko a kan yaran da aka fara biya. A watan Nuwamban 2023 Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta na ƙwallon Amurka Jimbo Fisher, kuma kwangilarsa ta wajabta a biya shi sama da dala miliyan 75 bayan ya bar aiki. Kocin Jami'ar Georgia, Kirby Smart, yana karɓar kimanin dala miliyan 13 a shekara. Gaskiya ne cewa waɗannan jami'o'i ba su ne suka rufe tafki ba, kuma ƙaramar jami'a ba ta da irin wannan arziƙi, amma alƙaluman suna nuna cewa tsarin ba talauci ke damunsa ba, ya saba ne da kashe duk abin da ya shigo a kan albashin koci da gine-ginen ƙawa tun lokacin da 'yan wasa ba su da kaso. Yanzu da kason ya zama dole, an fi samun sauƙin sallamar ɗalibin da ba shi da magoya baya dubu ɗari da za su yi ihu a madadinsa.

Abin da ya shafi sauran duniya, har da mu

Gwamnatin Amurka ba ta ɗaukar nauyin tawagarta ta Olamfik, jami'o'i ne ke yi mata rainon, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na tawagar da ta je Paris a 2024 sun bi ta wasannin jami'a. Wannan ne ya sa Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wani umarni a watan Yulin 2025 yana neman manyan jami'o'i su kare guraben mata da na wasannin da ba sa kawo kuɗi, da yake Los Angeles ce za ta karɓi baƙuncin gasar 2028. Rainon bai tsaya a kan Amurkawa ba. Léon Marchand na Faransa, wanda ya ci zinare huɗu a Paris, ya yi horo ne a Jami'ar Jihar Arizona, wadda ta taɓa soke ƙungiyar mazanta a 2008 kafin masu gudummawa su ceto ta. Oussama Mellouli na Tunisiya ya fito daga Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Kirsty Coventry ta Zimbabwe kuma, wadda a 2025 ta zama mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko da ta shugabanci Kwamitin Olamfik na Duniya, ta yi wa Auburn iyo.

Najeriya ta fi cin moriyar wannan hanya a guje-guje da tsalle-tsalle, wasan da shi ma yake sahun waɗanda ba sa kawo kuɗi kuma aka sa masa iyaka. Blessing Okagbare da Tobi Amusan duka sun bi ta Jami'ar Texas da ke El Paso, kuma Amusan ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge a 2022 a filin Jami'ar Oregon. Matashin da ke hangen wannan hanya daga Kano ko Kaduna ko Yamai zai tarar da gurabe ƙalilan, amma wanda ya samu zai iya samun tallafi mafi tsoka fiye da da. Akwai kuma tarnaƙi na musamman a kansa: bizar ɗalibi ta Amurka ta taƙaita aikin da baƙo zai yi don kuɗi, saboda haka kwangilar tallar da abokin ɗakinsa Ba'amurke zai sa wa hannu cikin kwanciyar hankali tana iya jefa zamansa a ƙasar cikin haɗari, kuma har lokacin da aka amince da sulhun hukumomin shige da fice ba su fitar da bayani ƙarara a kan ko baƙon ɗalibi zai iya karɓar kasonsa daga jami'a ba.